Gaɓa ɗaya ce tsakaninsu: yadda na koyi tsanin altad da na diminish a jitar jaz

Tun ranar da aka yaɗa wani ɗan bidiyo nawa ina kaɗa jita a bikin abokinmu a Agege, samari ke tare ni a kara suna tambaya. Wai waɗannan sautukan da ke fita kamar hannuna ya zame, sannan su dawo daidai, da gangan nake yi ko kuwa kuskure nake rufewa da dabara? Biyu daga cikinsu suna da jita a ɗaki, sun iya bin kiɗan Bombino da Mdou Moctar tsaf, amma da sun saurari jaz sai su ce kansu ya ɗaure. Na yi musu alkawarin zan rubuta abin da na sani. Ni ba malamin kiɗa ba ne, sakandare na gama na kama riƙe wa Baba littafin lissafin shanu a Oko-Oba. Abin da zan faɗa, da yatsuna na koye shi, da kuma kunyar da na sha wata ranar Lahadi.

Bari in fara da kayan aiki, don mu fahimci juna. Wuyan jita a rarrabe yake da ƙananan ƙarafuna, kamar gaɓoɓin rake. Kowace gaɓa sauti ɗaya ce. In ka hau gaɓa 12 a kan tsirkiya ɗaya, ka dawo sautin da ka fara da shi, sai dai ya fi siriri. Ke nan duk kiɗan Turawa a cikin sautuka 12 yake yawo. Suna kiransu da haruffa, A zuwa G, in ka ga ƙaramin b a gefen harafi, kamar Ab ko Eb, ana nufin ka sauko gaɓa ɗaya. Tsani kuwa, wanda masu kiɗan Legas ke cewa sikel, shi ne sautukan da ka zaɓa daga cikin 12 ɗin ka ce a kansu za ka taka. Kod kuma sautuka uku ko huɗu ne da ake bugawa lokaci guda.

Mu kunnenmu ya tashi da tsani mai sauti biyar. Yawancin abin da muke ji a goge da garaya da gurmi a kansa yake, haka ma jitar Buzayen Agadas. Tsani ne mai kirki, duk inda ka taka ba ka faɗuwa, shi ya sa na yi shekara biyu da jitata ta tokumbo da na saya a Alaba ina jin na iya. Wanda ya fara buɗe mini ido maƙwabcinmu ne, wani Bayarabe da ke kaɗa jita a cocinsu, ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar. Oga nake ce masa. Shi ya kunna mini Wes Montgomery, Ba'amurken da ke kaɗawa da babban yatsa, faifansa na 1960. Shi ya nuna mini cewa a jaz ana kaɗa waƙar sau ɗaya, daga nan kowa ya ƙirƙiro nasa nan take a kan kod ɗin da ke zagayawa a ƙasa. Wannan bai ba ni mamaki ba, don mu ma mun san Shata ba ya rubuta waƙa, a tsaye yake ƙera ta. Bambancin shi ne a jaz ƙasar da kake takawa tana motsi, kod na canzawa duk bayan bugu huɗu ko takwas.

Wata Lahadi Oga ya ja ni wani ɗan wurin cin abinci a Ikeja inda makaɗa ke haɗuwa da yamma, kowa ya hau ya gwada. Aka kira Blue Bossa, waƙar Kenny Dorham da ta fito a faifan Joe Henderson a 1963. Waƙar 'yan koyo ce, awo 16 kacal, kowane awo bugu huɗu. Na hau da sautukana biyar. Awo takwas na farko na tsira. A na tara waƙar ta koma wani gida daban, ni ban sani ba, na ci gaba da abina. Mai piyano ya ɗago kai ya dube ni sau ɗaya, ya mayar da kai. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Da na sauko wani mai busa ya ce mini cikin raha, Aboki, ka yi ƙoƙari. Duk wanda ke zaune a Kudu ya san nauyin wannan kalmar in ta fito a irin wannan lokaci.

A mota muna dawowa na ce wa Oga, koya mini sautukan da mai busan nan ke yi, waɗanda ke fita waje su dawo. Ya ce sunansu biyu, altad da diminish, amma ba zai ba ni ko ɗaya ba sai na san abin da ake kira kod mai neman gida.

Ga shi nan. Kusan kowace waƙar jaz tana da gida, wato kod ɗin da kunne ke hutawa a kansa. Kafin a shiga gidan akwai kod ɗin bakin ƙofa, wanda ke da lamba 7 a gefensa. In gidan C ne, na bakin ƙofa G7 ne, sautukansa G, B, D, F. Ka buga shi ka tsaya, za ka ji jikinka bai yarda an gama ba. Dalili, B na son hawa gaɓa ɗaya ya zama C, shi kuma F na son saukowa. Tsakanin B da F gaɓa shida ce, rabin 12 daidai, kuma wannan tazarar ita ce mafi rashin natsuwa a kiɗan Turawa. Su Charlie Parker da Dizzy Gillespie, da suka ƙera salon bibop a unguwar Harlem ta birnin Niyok a shekarun 1940, sun lura cewa tunda kod ɗin nan dama a tsaye yake da ƙafa ɗaya, kana iya ƙara masa kaya, ka ɗora sautukan da suka fi ɗaci, muddin za a shiga gida bayansa. Altad da diminish hanyoyi biyu ne na tsara wannan ɗacin. Ba a kan kowane kod ake zuba su ba. Wurinsu bakin ƙofa.

Yanzu ɗauko jitarka, don wannan ba a gane shi da karatu kawai. Ana ƙirga tsirkiya daga mafi siriri, ita ce ta ɗaya. Ta uku in ka buga ta a sake, ba ka danna komai ba, G take bayarwa. A kanta kaɗai za mu hau.

Tsanin altad na G: a sake, sai gaɓa ta 1, 3, 4, 6, 8, 10, 12. Sautukan su ne G, Ab, Bb, B, Db, Eb, F, sai G na sama. Sauti bakwai.

Tsanin diminish na G: a sake, sai 1, 3, 4, 6, 7, 9, 10, 12. Wato G, Ab, Bb, B, Db, D, E, F, sai G. Sauti takwas, taku ɗaya, taku biyu, ɗaya, biyu, har ƙarshe.

Dubi lambobin da kyau. Har zuwa gaɓa ta 6 hanya ɗaya suke bi, sautuka biyar na farko iri ɗaya ne sak. A nan suke rabuwa, altad ya taka 8, diminish ya taka 7 da 9, sannan su sake haɗuwa a 10. Na yi wata uku ina haddace su a matsayin abubuwa biyu masu zaman kansu, da zane-zanen da na sauke daga intanet masu ɗigo-ɗigo cike da wuyan jita, ban ga wannan ba. Ranar da Oga ya sa na hau su a tsirkiya ɗaya, ji na yi kamar an yafe mini rabin bashi.

To mene ne amfanin wannan ɗan bambancin? A nan maganar take. Gidan C iri biyu ne, akwai meja mai sakin fuska, akwai maina mai sanyin jiki. Abin da ya raba su sauti ɗaya ne, meja na da E, maina na da Eb. Koma ka duba. Altad na ɗauke da Eb, diminish na ɗauke da E. Ke nan kowannensu tun yana bakin ƙofa ya riga ya riƙe mabuɗin irin gidan da zai shiga. Ka ji shi da hannunka: danna tsirkiya ta shida a gaɓa ta 3, ta huɗu a 3, ta uku a 4, ta biyu a 4, kada ka buga ta biyar. Wannan G7 ne mai Eb a sama, muryar altad. Yanzu matsar da yatsan da ke kan tsirkiya ta biyu kaɗai, daga 4 zuwa 5. Ya zama E, kuma in ka ƙara tsirkiya ta ɗaya a gaɓa ta 4 ka samu muryar diminish cikakkiya. Yatsa ɗaya, gaɓa ɗaya. Buga na farkon ka bi shi da C maina, buga na biyun ka bi shi da C meja, za ka ji sautin tsirkiya ta biyu bai ma motsa ba, kod ɗin ne ya zo ya same shi a inda yake.

Kada wani ya ɗauki wannan doka. Manyan makaɗa suna shiga meja da altad kullum, su bar Eb ya hau E a daidai bakin shiga, kuma daɗinsa ba a magana. Amma ga mai koyo wannan ita ce igiyar da zai fara riƙewa. Blue Bossa ɗin da ta kunyata ni ma tana da duka biyun. A awo na 6 da na 14 akwai G7 mai shiga C maina, wurin altad ke nan. A awo na 10 akwai Ab7 mai shiga Db meja, sai ka ɗauki diminish ɗin nan ka matsar da komai gaɓa ɗaya sama.

Kuskuren da na yi bayan na san wannan ya fi na farko muni. Na koma ina hawa tsanin daga ƙasa zuwa sama da gudu duk lokacin da G7 ya zo, kamar ɗan makaranta na karanta jadawalin sau. Oga ya saurara ya ce, ka san inda ka tashi, ba ka san inda za ka sauka ba. Awo ɗaya a irin gudun da ake kaɗa waƙar nan bai kai daƙiƙa biyu ba. Ba ka da lokacin sauti bakwai, kuma ba a bukatarsu. Abin da kunne ke jira shi ne sautin ƙarshe na bakin ƙofa da sautin farko na cikin gida, kuma tazarar da ta fi daɗi tsakaninsu gaɓa ɗaya ce. Ab ya sauko G. B ya hau C. Db ya sauko C ko ya hau D. In meja za a shiga, F ya sauko E. Sai ya hana ni tsani gaba ɗaya na mako biyu, ya ce sauti uku kawai zan yi: Bb, Ab, sannan G a daidai bugun farko na C maina. A tsirkiya ta ɗaya, gaɓa ta 6, ta 4, ta 3. Wannan 'yar jimlar tana cikin solo ɗin jaz ba adadi, da ka san ta za ka riƙa jin ta ko'ina. Mu da muka tashi a kara mun san wannan ba sai an faɗa ba, in za ka saki sa mai ƙarfi da doguwar igiya, turken kake fara dubawa.

Diminish yana da wata baiwa da ke sa masu jita son sa fiye da kima. Tunda takunsa ɗaya-biyu ne ba canji, duk abin da ka kaɗa, in ka matsa gaɓa uku ka maimaita shi da yatsu iri ɗaya, kana cikin tsanin har yanzu. Shi ya sa a duniya tsanin diminish uku ne kawai, na huɗu maimaicin na farko ne. Wani mawallafin kiɗa na Faransa, Olivier Messiaen, ya yi bayanin wannan a littafinsa na 1944, amma kafin nan makaɗa na amfani da shi. Gwada: tsirkiya ta huɗu gaɓa ta 3, ta uku 4, ta biyu 3, ta ɗaya 4. Sautukan F, B, D, Ab ne, wato G7 da aka cire masa G aka sa Ab. Ja hannun gaba ɗaya zuwa 6, zuwa 9, zuwa 12. Sautuka huɗun nan ne dai suke musanya wuri. Django Reinhardt, wanda gobara ta lalata masa yatsu biyu na hannun hagu a 1928 ya koma yin solo da biyun da suka rage, ya yi suna da wannan jan hannun. Tarkon shi ne yana da sauƙi har ya yi yawa. Ka yi shi sau ɗaya a ji daɗi, ka yi sau huɗu a waƙa ɗaya kowa ya gane hannu ne ke tafiya, kai ba ya nan. Ni da kaina na ji haka a wani faifan waya da na ɗauki kaina, na goge shi.

Altad ba shi da wannan sauƙin, amma yana da tasa gajeriyar hanyar. Sautukansa daidai suke da wani tsani da ake kira melodik maina, wanda ya fara gaɓa ɗaya sama da kod ɗin. A kan G7 sai ka yi tunanin Ab maina. Littattafai irin na Mark Levine na 1995 haka suke koyar da shi, kuma yana aiki. Ni dai bai karɓe ni ba da farko, don ina tunanin Ab sai in manta G7 nake kai, in sauka a Ab kamar gidana ne, alhali shi ne sautin da ya fi kowanne bukatar a sauke shi. Abin da ya taimake ni shi ne ƙananan kod biyu da ke ɓoye a cikinsa, Db meja da Eb meja, sauti uku-uku. Yatsuna sun riga sun san siffarsu tun zamanin da nake bin kiɗan hailaif. Sai in kaɗa Db, F, Ab, in sauko G. Shi ke nan, jimla ta fita, kuma mai saurare zai rantse na yi shekara goma a makarantar kiɗa.

Maganar lokacin koyo kuwa, gaskiya ita ce ta fi tsanin wahala. Baba bai taɓa son abin nan ba. Ranar da ya fara ganin jitar ya ce, kai, a zuriyarmu ba a taɓa yin maroƙi ba. Na ce Baba, wannan ba roƙo ba ne. Ya ce duk wanda ya kaɗa aka liƙa masa kuɗi a goshi sunansa ɗaya. Da ƙyar Inna ta shiga tsakani, aka tsaya a kan cewa ranar da lissafin shanu ya karye ko na makara sauke mota, ranar zai karya itacen. Don haka minti talatin nake da shi bayan isha, in tura tsumma ƙarƙashin tsirkiyoyin don kada 'yan haya su yi ƙorafi. Ranar da muka sauke tirela daga Potiskum kuwa yatsun ba sa ko lanƙwasuwa saboda igiya. A minti talatin ɗin nan ga abin da nake yi: in ɗauki kaina a waya ina buga G7 awo ɗaya, C maina awo ɗaya, ya yi ta zagayawa. In rera jimlar da baki tukuna, in ban iya rera ta ba ban yarda yatsa ya taɓa ta ba. Wannan ne ya fi cin lokaci, don kunnen da ya saba da sauti biyar ƙin Ab yake yi a kan G, makogwaro ya riƙa zamewa zuwa A da kansa. Sai da na yi kusan wata biyu kafin ya zauna. Bayan nan in canza gida, yau C, gobe F, jibi Bb, don kada hannu ya haddace wuri ɗaya.

Wani dare na manta ban sa tsumman ba. Ina ta nanata Bb da Ab a kan G7 ban sauka ba, ina son in ji ɗacinsu sosai. Ashe Baba na zaune a waje kan tabarma yana jin rediyo. Sai na ji ya ce, kai wannan abu naka kamar saniyar da aka raba da maraƙinta. Na yi tsit, sannan na sauke Ab ɗin zuwa G tare da C maina. Ya ce, yauwa, ta gan shi. Ya ƙara muryar rediyonsa. Bai sake cewa komai ba, kuma sharaɗinsa na nan bai janye ba.

Na koma wurin nan na Ikeja bayan wata bakwai. Na roƙi a kira Blue Bossa. A zagaye uku da aka ba ni, altad sau huɗu kawai na taɓa, diminish sau ɗaya a awo na 10, sauran duk sautukana biyar ne na gado, sai dai yanzu ina canza su in gida ya canza. Sau ɗaya na makara, G ɗina ya faɗo a bugu na biyu maimakon na farko, na ji shi har cikin haƙori. Mai piyanon bai ɗago kai ba sai da na gama, ya tambayi Oga ko zan iya zuwa atisayensu na ranar Alhamis, suna neman mai jita na biyu.

Waƙar da suka ba ni in shirya ita ce Caravan, ta Juan Tizol da Duke Ellington, ta 1936. A cikinta C7 na tsayawa awo 12 cur kafin a shiga F maina, wato duk abin da na koya na sauti uku a sauka ba zai ishe ni ba, sai na koyi zama a bakin ƙofa ba tare da na gundiri mutane ba. Oga ya ce in fara da diminish a awo takwas na farko, in bar altad sai dab da shiga. Ina kai yanzu. Motar Baba kuma daren Laraba ake sa ran isowarta, don haka masu jitar nan biyu da na yi wa alkawari, in kuna son mu hau tsirkiya ta uku tare, ku same ni ranar Juma'a bayan la'asar.